Jirgin Alfarma Ko Na Matsakaicin Farashi: A Ina Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa ya zama babbar sana'a a duniya. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin wannan harka, CLIA, sun nuna cewa fasinjoji miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023, adadin kuma ya haura miliyan 34 a 2024. Tsarin tafiyar sananne ne: mutum ya kama ɗaki a cikin jirgi, ya ci, ya sha, ya kwana, gari ya waye masa a wata tashar dabam. Ya sauka ya zaga gari, kafin faɗuwar rana ya koma, jirgi ya ɗaga zuwa gaba.

Inda ake samun saɓani shi ne farashi. Ba abin mamaki ba ne a ga tallar tafiyar kwana bakwai a Bahar Rum a ƙasa da dala 1,000, a waiwaya a ga wata mai ratsa kusan garuruwa iri ɗaya a kan dala 5,000 ko fiye. Ta farko daga irin su MSC, Costa, Carnival, Royal Caribbean ko Norwegian take fitowa. Ta biyu kuwa daga irin su Regent Seven Seas, Silversea, Seabourn ko Explora Journeys. Teku ɗaya, mako ɗaya, amma kuɗi ninki biyar. Masu jirgin alfarma suna cewa idan aka yi lissafin gaskiya, su ne masu araha. Masu na matsakaici suna cewa waɗancan suna ne kawai suke saye. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Hujjar masu jirgin alfarma

Hujjarsu ta farko ita ce farashin da ake tallatawa a manyan jirage ba shi ne abin da fasinja ke biya ba. Kuɗin tikiti na ɗaki ne da abincin babban ɗakin cin abinci da wasannin dare. Daga nan kuma sai ƙari a kan ƙari. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20. Akwai kuɗin intanet. Akwai kuɗin lemon kwalba da gahawa ta musamman. Akwai gidajen abinci na daban, waɗanda sai an biya ake shiga. Akwai kuɗin motar da za ta zaga da kai gari idan jirgi ya tsaya. Ko abin sha ka saya, sai an ƙara maka kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a matsayin ladan hidima. Wannan ba kuskure ba ne, haka aka gina kasuwancin. Rahotannin kuɗi na manyan kamfanonin suna nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da fasinja ke kashewa bayan sayen tikiti yake fitowa: mashaya, shaguna, ɗakin caca, hotuna, tausa da yawon gari. An rage kuɗin shiga ne don a cika jirgi, da sanin cewa za a fanshe a ciki.

A jirgin alfarma kuwa kuɗin goro ake yi. Regent ya fi kowa nisa a wannan: tikitinsa ya haɗa da tukuici, da intanet, da abin sha, da duk gidajen abincin da ke cikin jirgin, har da yawancin yawon gari. Silversea da Seabourn su ma sun haɗa abin sha da tukuici. Mai wannan ra'ayi zai ce hutu ba ya zama hutu idan kowane motsi sai ka miƙa kati, kuma ranar sauka a kawo maka doguwar takardar bashin da ba ka zata ba.

Hujja ta biyu ita ce sarari da hidima, kuma wannan ana iya auna ta. Jirgin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365. Yana ɗaukar fasinjoji 5,610 idan mutum biyu-biyu ne a ɗaki, yana iya kaiwa 7,600 idan aka cika kowane gado, ma'aikatansa kuma 2,350. Seven Seas Explorer na Regent, wanda aka ƙaddamar a 2016, fasinjoji kimanin 750 yake ɗauka da ma'aikata wajen 550. Ke nan a na farko ma'aikaci ɗaya yana kula da fiye da mutum biyu, a na biyu kuwa ma'aikata uku ne a kan fasinjoji huɗu. Idan aka raba girman jirgi da yawan mutanen cikinsa, fasinjan Explorer yana da sarari fiye da ninki ɗaya da rabi na takwaransa. Ɗaki mafi araha a babban jirgi ba shi da ko taga. A Explorer kowane ɗaki yana da baranda mai kallon teku, a Silversea kuma kowane ɗaki yana da hadimin da aka keɓe masa. A aikace wannan yana nufin babu layi wajen abinci, babu rububin kujera a bakin wurin ninƙaya, babu jiran awa guda kafin a sauka. Ga mai ƙa'ida a kan abinci, ƙaramin kicin mai dafa wa ɗaruruwa ya fi sauƙin biya masa buƙata fiye da mai dafa wa dubbai.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: ƙaramin jirgi yana shiga inda babba ba ya shiga. A Sifaniya, babban jirgi a Cadiz yake tsayawa, fasinja ya hau mota ya yi tafiyar fiye da awa guda zuwa Seville, alhali ƙaramin jirgi yana bin kogin Guadalquivir har cikin birnin. A Faransa, ƙaramin jirgi yana hawa kogin Garonne ya ɗaure a tsakiyar Bordeaux, babba kuwa ya tsaya can bakin teku. A Biyetnam, manya a tashar Phu My suke yada zango, nesa da birnin Ho Chi Minh, ƙananan kuma su bi kogin Saigon su isa gari. A Antaktika maganar ma ta wuce nisa, doka ce: jirgin da ke ɗauke da fiye da fasinjoji 500 ba a yarda ya sauke kowa a ƙasa ba, kuma ba a barin fiye da mutum 100 su taka wuri ɗaya a lokaci guda. Wanda ya je a babban jirgi daga nesa zai hango ƙanƙara ya juyo. A tafiyar da jirgi ke tsayawa awa takwas ko tara a gari, awa uku da aka ɓata a mota ba ƙaramar asara ba ce. Araha ba ta ado, in ji masu wannan ɓangare.

Hujjar masu matsakaicin farashi

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cewa yake yi a ɗauko alƙalami. Mu ƙaddara, don misali kawai, mutum ya kama ɗaki mai baranda na kwana bakwai a babban jirgi a kan dala 1,400. A ɗora masa tukuicin dala 18 kullum, 126 ke nan. A sa intanet 150, yawon gari sau huɗu 400, cin abinci sau biyu a gidan abinci na musamman 100. An kai 2,176. Ko da ya sayi tikitin shan barasa na mako guda a kan 600, jimlar ba ta kai 2,800 ba. A ajiye wannan kusa da dala 5,000 na jirgin alfarma. Tazarar ta ragu, gaskiya ne, amma ba ta rufe ba. Ragowar kuɗin ya isa a ƙara wani makon, ko a tafi da wani mutum guda.

Abu na biyu, kuɗin goro yana da nasa zalunci. Idan an ce komai kyauta ne, ma'anarsa an riga an karɓi kuɗinsa daga kowa, mai amfani da shi da wanda ba ya amfani. Babban kaso na abin da jirgin alfarma ke tinƙaho da shi giya ce mai tsada wadda ba a ƙayyade ba. Fasinjan da ba ya shan barasa, saboda addini ko lafiya ko ra'ayi, yana biya wa maƙwabcinsa ne. Haka wanda ya fi son ya sauka ya taka da ƙafarsa ya shiga kasuwa, ya riga ya biya kuɗin motar yawon da bai hau ba. A babban jirgi kuwa, iya kuɗinka iya shagalinka. Abin da masu alfarma ke kira tatsa, su waɗannan suna kiransa zaɓi.

Abu na uku shi ne iyali. Manyan jirage an gina su ne da yara a zuciya: wuraren wasan ruwa, ɗakunan kula da yara bisa shekarunsu ba tare da ƙarin kuɗi ba, ɗakuna masu gado huɗu inda na uku da na huɗu ke biyan ragi. Icon of the Seas yana da unguwa guda sukutum da aka ware wa masu ƙananan yara. Royal Caribbean yana da tsibirinsa na CocoCay a Bahamas, MSC yana da Ocean Cay, inda fasinjoji ke wuni a bakin ruwa. Jiragen alfarma kuwa na manya ne, yawancinsu ma waɗanda suka yi ritaya. Kamfanin Viking, da ke dab da wannan mataki, ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya kai su jirgin da babu abin yi sai karatu da sauraron lacca da cin abincin dare na awa biyu, ya biya ninki ya sayo wa yaransa kaɗaici.

Abu na huɗu, tsada ba ta zama garkuwa. Crystal Cruises yana cikin sunayen da aka fi girmamawa a jiragen alfarma, amma a farkon 2022 ya durƙushe tare da uwar kamfaninsa, Genting Hong Kong, har aka tsare jiragensa biyu a Bahamas saboda bashin kuɗin mai. Daga baya ne wasu suka sayi sunan da jiragen suka farfaɗo da shi. Hujjar shiga ƙananan tashoshi ma tana da iyaka. Tun daga 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da girmansu ya wuce tan 25,000 ratsa tsakiyar Venice, kuma yawancin jiragen alfarma sun wuce wannan ma'auni. Seven Seas Explorer kansa ya ninka shi. A Barcelona, ko Naples, ko Civitavecchia da ake sauka don zuwa Rum, babba da ƙarami duk tasha ɗaya suke shiga, kuma fasinjojinsu a layi ɗaya za su haɗu a ƙofar wuraren tarihi.

Abin da ɓangarorin biyu ke tsallakewa

Akwai wata gaskiya da ke sanyaya zafin gardamar: masu jiragen nan gida ɗaya ne. Seabourn mallakar Carnival Corporation ne. Silversea na Royal Caribbean Group ne, wanda ya sayi kashi biyu cikin uku nasa a 2018, ya kammala sayen sauran a 2020. Regent da Oceania suna ƙarƙashin Norwegian Cruise Line Holdings. Explora Journeys, da ya fito da jirginsa na farko a 2023, na gidan MSC ne. Waɗannan kamfanoni sun san lissafin kowane fasinja fiye da yadda shi ya san nasa. Ba za su sayar da alfarma a farashin da ya yi daidai da na matsakaici ba, don haka duk mai cewa idan aka tara ƙare-ƙare kuɗin ɗaya ne, talla ce ta ci shi. Haka kuma ba za su bar na matsakaici ya sauka da kuɗin tikiti kaɗai ba, don haka mai kafa hujja da farashin talla shi ma bai yi adalci ba.

Sannan tsakanin ɓangarorin biyu ba fili ne fetal ba. Akwai matakin tsakiya, irin su Celebrity, Princess da Holland America, sama da su kuma Oceania da Viking, wanda jiragensa na teku da yawa fasinjoji 930 suke ɗauka kuma babu ɗakin caca a cikinsu. Akwai kuma dabarar keɓe wani sashe na babban jirgi ga masu biyan kuɗi da yawa, da nasu ɗakin cin abinci da wurin ninƙaya da hadimai: MSC yana kiransa Yacht Club, Norwegian yana kiransa The Haven, Celebrity kuma The Retreat. A nan ne hujjar masu alfarma ke tsayawa da ƙafarta sosai. Farashin waɗannan ɗakuna yakan matso kusa da na jirgin alfarma, wani lokaci ya zarce shi. Mata da mijin da suka riga suka yi niyyar kama irin wannan ɗaki, kuma ba yara a tare da su, ya kamata su duba farashin Seabourn ko Silversea kafin su biya. Amma ga babban gida mai kaka da jikoki, keɓaɓɓen sashen ya fi dacewa, domin tsofaffi su samu natsuwa, yara kuma su samu filin wasa a jirgi guda.

Wani abu da ke shafar kowa shi ne farashin da ake gani na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. A jirgin dala 1,400 wannan ciwo ne, a na dala 5,000 kuwa karaya ce. Norwegian ya fara gina ƙananan ɗakunan mutum ɗaya a jirginsa Epic tun 2010, wasu kuma suka bi sahu, abin da ya ƙara wa ɓangaren matsakaici maki. Tukuici kuwa, ko da wasu kamfanoni suna barin fasinja ya rage shi, bai kamata a sa shi cikin hanyoyin tsimi ba. Wani ɓangare ne na abin da masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci ke dogaro da shi, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya da ke shafe watanni ba su ga iyalinsu ba.

Ga mai tasowa daga wannan yanki namu

Wanda zai taso daga Kano ko Yamai yana da wani lissafi da Ba'amurken da ke tuƙa mota zuwa tashar Miami ba shi da shi. Sai ya sayi tikitin jirgin sama, sai ya nemi bizar ƙasashen da jirgin zai tsaya, kuma duk da dala ko yuro zai biya. Wannan kuɗi ɗaya ne ko wane jirgi ya zaɓa. Tayin tikitin jirgin sama da wasu kamfanonin alfarma ke haɗawa galibi daga biranen Amurka da Turai yake farawa, don haka wannan garaɓasa ba lallai ta iso gare shi ba. Wasu hanyoyin da zai iya dubawa kuma na matsakaicin farashi ne: a shekarun baya MSC da Costa sun saba zaga Dubai da Abu Dhabi da Doha a lokacin hunturu, MSC kuma yana tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. A Disamban 2024 kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda da babban jirgi mai ɗaukar fiye da mutum 3,000, ba giya, ba caca, abinci na halal, ga kuma wuraren salla. Ga iyalin da waɗannan abubuwa suka fi muhimmanci a wurinsu fiye da hadimi a ƙofar ɗaki, ma'aunin daraja ya sauya gaba ɗaya.

Hukunci

Idan aka tace hujjojin, za a ga cewa abin da jirgin alfarma ke sayarwa kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne tarkacen da aka cusa cikin tikiti: abin sha, intanet, tukuici, yawon gari. Wannan ana iya sayensa ɗaya bayan ɗaya a babban jirgi a kan kuɗin da bai kai tazarar farashin ba, wanda ba ya buƙata kuma ya bar shi. A kan wannan, masu matsakaicin farashi sun yi nasara. Kashi na biyu shi ne abin da kuɗi ba ya saya a jirgi mai mutum dubu shida: ƙarancin jama'a, yalwar wuri, ma'aikacin da ya san sunanka, da hanyar da babban jirgi ba ya iya bi. A kan wannan, masu alfarma ba su da abokin gasa.

Saboda haka ra'ayina ya karkata ga matsakaicin farashi ga mafi yawan mutane: mai iyali, mai zuwa karon farko, wanda ba ya shan barasa, da duk wanda tafiyarsa ta manyan tashoshin Bahar Rum ce ko Karibiyan ko tekun Fasha, inda kowane jirgi ke shiga. A irin wannan hali, ɗaki mai baranda a jirgin kirki, da ɗan abin da aka ware don ƙare-ƙare, ya fi bayar da riba a kan kowace dala. Jirgin alfarma yana cin kuɗinsa ne a yanayi uku: idan wurin da ake son zuwa sai ƙaramin jirgi, kamar Antaktika ko garuruwan cikin kogi, idan dama an yi niyyar kama ɗaki mafi tsada a babban jirgi, ko idan cunkoso yana ɓata wa mutum rai har ya hana shi jin daɗin hutun. Kafin a biya, a rubuta jimlar kuɗin tafiyar duka biyun tun daga filin jirgin sama har dawowa, a soke duk abin da aka san ba za a taɓa ba, sannan a raba abin da ya rage da yawan kwanaki. Idan bayan haka har yanzu bambancin yana da yawa, mai tafiya ya tambayi kansa ko shiru da sarari sun kai wannan kuɗi a wurinsa. Wannan amsa ba kamfani ne zai ba shi ba.